Gargaɗi kan masu tallan fawa bank mai "100,000mAh" da sitikar ƙara wa batir ƙarfi

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani talla da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook, yanzu ya shiga TikTok ma. Kaya uku suke haɗa maka a farashi ɗaya: fawa bank mai sola da aka rubuta wa 100,000mAh a jiki (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), da wata 'yar sitika mai ƙyalli da suka ce idan ka manna ta a bayan waya batir zai ninka daɗewa, sai kuma wata manhaja da za su turo maka bayan ka biya, wai tana "gyara batir". Kuɗi ake fara turawa, sannan a sa maka kayan a mota ko a ba ɗan acaɓa. Sana'ata gyaran waya ce, kuma kayan nan sun fara zuwa teburina, shi ya sa na ce bari in yi magana kafin a kwashe wa mutane da yawa kuɗi. Sunan shafin ba shi da amfani, domin suna sauya shi kamar riga.

Sun san inda ke mana ƙaiƙayi. Wuta ba ta tsayawa, kuɗin caji a shago kullum ƙaruwa yake, mai sana'ar POS ko mai sayar da kaya ta waya kuwa idan wayarsa ta mutu kasuwarsa ta tashi. Duk wanda ya ce maka ga abin da zai riƙe ka mako guda, dole ka saurare shi.

To amma lambar nan ta 100,000 ƙarya ce, kuma ba sai ka buɗe kayan ba za ka gane. Ɗaga shi kawai. Yawancin irin waɗannan ana cika su ne da ƙananan batura masu siffar gwangwani da ake kira 18650. Mafi kyawun irinsu, na manyan kamfanoni, ba ya wuce kusan 3,500mAh, nauyinsa kuma wajen giram 45 ne. Kafin a tara 100,000 sai an jera guda 29, wato sama da kilo ɗaya ke nan, ban da gida da allon wuta. Abin da suke sayarwa kuwa yana shiga aljihun kaftani ba tare da ya ja shi ƙasa ba. Fawa bank na gaske mai 10,000mAh nauyinsa wajen giram 200 ne zuwa 250, mai 20,000 kuma kusan ninkin haka. Ƙarfin batir yana tafiya da nauyinsa, babu wani kamfani a duniya da ya tsallake wannan.

Wanda wata baiwar Allah ta kawo min, da na ɓalle shi, batir ɗaya ne kaɗai ke haɗe da waya. Sauran gwangwanayen an cika su da yashi don a ji nauyi a hannu. Ta ce min, "Malam, ai kullum yana nuna min 100 a ɗan gilashinsa." Na ce mata, "Hajiya, wannan lambar ai su suka saita ta." Ke nan rashin nauyi na tona asirin jabu, amma nauyi shi kaɗai ba ya wanke shi.

Ko na gasken ma, akwai abin da masu saye ba su cika sani ba, har su riƙa zargin ɗan kasuwar da bai cuce su ba. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe lissafin batirin ciki ne a kan 3.7V, alhali wutar da ke fita zuwa waya 5V ce, kuma wajen juya ta wani kaso na tafiya a zafi. Shi ya sa kamfanin kirki ke rubuta lamba ta biyu da ƙananan baƙaƙe a bayan kayan, ta abin da zai fito a zahiri: mai 10,000 yakan nuna tsakanin 6,000 da 6,500. Wayoyinmu na Tecno da Infinix da itel galibi batir 5,000mAh gare su, don haka zai cika maka waya sau ɗaya da 'yan kai, ba zai kai biyu ba. Idan ka juya kaya ba ka ga wannan lamba ta biyu ba, ba ka ga Wh ba (ma'aunin jimillar wutar da batir ke riƙewa), ka ajiye musu abinsu. Wani abin lura kuma: iyakar da kamfanonin jiragen sama suka saba bari fasinja ya shiga da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, kusan 27,000mAh. Mai 100,000 na gaske 370Wh ne, ya kusa ninka wannan sau huɗu. Amma mai tallan cewa yake a jakar hannu ya shigo da su daga Dubai.

Solar da ke jiki ado ce. Allo mai faɗin tafin hannu wajen wat ɗaya yake bayarwa a rana tsaka. Da a ce lambarsu gaskiya ce, sai ya sha rana awa 370 kafin ya cika, wata biyu ke nan idan yana samun awa shida kullum. Abin da ya fi damuna shi ne umarnin da suke bayarwa, cewa a shanya shi a kan kwano ko a gaban gilashin mota. Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Apple da kansa ya ce zafin da ya haura digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri watan Afrilu na wuce 40 a inuwa. Batirin da ba a san asalinsa ba, babu abin da zai yanke masa wuta idan ya yi zafi, a ce a gasa shi a rana? Samsung ma, da duk injiniyoyinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batura na kama wuta.

Sitika kuwa leda ce mai gam. Ba ta haɗe da komai a cikin waya.

Manhajar ce ta fi komai haɗari, domin asarar fawa bank ta tsaya a kuɗin da ka biya, ita kuwa tana iya kai wa ga asusunka na banki. Ba daga Play Store take ba, fayil ɗin APK, wato fayil ɗin sa manhaja a waya, suke turowa su ce ka ba waya izinin sauke ta. Da ta buɗe sai ta nuna jan rubutu cewa batirinka ya lalace, ta nemi izinin karanta saƙonni, da ganin lambobin mutanenka, da iko a kan abin da ke fuskar waya. Me ya haɗa gyaran batir da saƙonninka? A nan banki ke turo lambar sirri ta tabbatar da cire kuɗi. Ko waɗanda ba sa sata ma aikinsu cika waya da talla, su ci data, su ci cajin da suka ce za su tattala. Google ya kori manhajojin kamfanin da ya yi manhajar share waya ta Clean Master daga Play Store a 2020 kan batun talla. Tun Android 6 a 2015 waya ke kwantar da manhajojin da ba a amfani da su da kanta, daga Android 14 kuma an hana wata manhaja kashe ayyukan wata, ke nan babu aikin da ya rage wa irin wannan manhaja. Batirin da ya tsufa sinadarin cikinsa ne ya gaji, sai dai a sauya shi.

Abin haushin shi ne abubuwan da ke ƙara wa caji daɗewa kyauta suke, suna cikin saitin wayarka. Fuskar waya ce ta fi komai shan wuta: rage haske, ka sa ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30, idan saurin sabunta hotonta na kan 120Hz ka mayar da shi 60. Baƙin bango yana taimakawa a fuskar AMOLED, amma a LCD da ke kan yawancin ƙananan wayoyi bambancin bai taka kara ya karya ba. Inda sabis ke da rauni waya na ƙara ƙarfi wajen neman turken sadarwa, shi ya sa caji ke zubewa a kan hanyar ƙauye; idan ba kira kake jira ba ka sa ta a yanayin jirgi. Raba wa mutane intanet daga wayarka da barin manhajoji suna aiki da GPS su ma suna ci sosai. Ka daina kallon bidiyo tana kan caji a ƙarƙashin matashi, kuma ka cire mata riga mai kauri idan ka ji tana zafi. Wayoyi da yawa yanzu suna da saitin tsayar da caji a kashi 80, wanda ke rage saurin tsufan batir, sai dai ban ga laifin wanda ya cika ta dam ba idan bai san ranar dawowar wuta ba.

Caja ma a kula. Cajar da ta zo a kwalin wayar ta fi, ko ta kamfanin da aka sani. Idan ka jona waya ka ga fuskarta na danna kanta, ko kan cajar na zafin da ba ka iya riƙewa, ka rabu da ita. Siririyar igiyar caji mai arha kuma na iya sa caja mai kyau ta zama mai jan ƙafa.

Idan za ka sayi fawa bank, je shagon da za ka iya komawa gobe, a ba ka rasit. Masu gyara da yawa suna da ɗan awon USB da ke nuna adadin wutar da ta fito, ka nemi a gwada maka. Wanda ya riga ya sauke manhajar nan ya goge ta yau, ya sauya lambobin sirrinsa na banki daga wata wayar, ya kira bankinsa idan ya ga motsin da bai gane ba. Ka adana hoton hirarku da shaidar tura kuɗi. Ana kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, kuma ka kai rahoton shafin. Fawa bank ɗin da ya kumbura ko yake wari kada a sake jona shi, kada a huda shi, kada a bar wa yara, kada kuma a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.