Jami'ar Katolika ta Yawunde, abin da na gani a matsayina na musulma 'yar arewa

Assalamu alaikum iyayenmu da ƙannena na Garwa, Marwa, Gaundare, Kusuri har 'yan uwanmu na Njamena. Duk shekara da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito sai kira ya yi min yawa, wai Adda ya makarantar 'yan mishan ɗin nan da kika yi, za a iya kai ɗan musulmi can kuwa? Toh bari in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta. Amsata dai eh ce, makaranta ce mai kyau ƙwarai, can na yi lisans ɗina, wato digirin farko, a fannin lissafin kuɗi da tafiyar da kamfani kuma ina yi wa malamaina fatan alheri har gobe. Amma ba kowane gida ta dace da shi ba, kuma dalilin ba addini ba ne kaman yadda mutanenmu ke zato.

Ga wanda bai santa ba, ita ce UCAC, wacce 'yan Yawunde ke ce wa Lakato. Bishof-bishof na ƙasashe 6 ne suka haɗu suka kafa ta a 1989, wato Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango, Gabon da Ikwatoriyal Gini, aka fara karatu a 1991. Shi ya sa in ka shiga aji sai ka tarar da ɗan Mundu, 'yar Bangi, ɗan Libarbil duk a benci ɗaya, ni babbar ƙawata ma 'yar kudancin Cadi ce, kirista, ita ce ke ajiye min abincin buɗa baki in darasi ya kai mu magariba lokacin azumi. Babban kampus yana Nkolbisson a gefen gari, akwai na Ekounou, makarantar aikin asibiti kuma tana Messa inda ake horar da nas-nas da masu awon jini, masu son aikin injiniya su kuma Duwala suke zuwa. Shiga sai da konkur, wato jarrabawar neman gurbi, ba wai ka kawo takardar bak ka biya kuɗi shi ke nan ba.

Yanzu ga tambayar da ke hana Baffa da Goggo barci, wato ko za a raba yaro da addininsa. Ba wanda ya taɓa ce min in bar addinina, ko da wasa. Da lulluɓina na shiga da shi na fita. Akwai coci a cikin kampus, ana yin addu'arsu, za ka ga gicciye, za ka ga fada da sista suna kai da komo, wasunsu ma su ke koyar da kai, wannan kam kar wanda ya je ya ce ba a gaya masa ba, gidansu ne kuma ba sa ɓoyewa. Abin da suke so daga wurinka shi ne ka girmama wurin, su kuma su girmama imaninka, kuma wannan ba alfarma ce ta wani shugaba mai kirki ba, yana cikin dokar da Fafaroma Jan Pol na biyu ya fitar a 1990 kan jami'o'in Katolika na duniya, cewa ba a tilasta wa kowa a kan abin da ya yi imani da shi, sannan duk sana'ar da ake koya wa ɗalibi sai an haɗa masa da tarbiyyar aikin. Mu 'yan arewa ma ai ba baƙin wannan ba ne, manyanmu nawa ne musulmi suka yi kwalejin Mazenod ta Gaundare wacce take nan tun kafin 'yancin kai na 1960, suka fito suna sallarsu suna riƙe da ofisoshi?

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda suka ɗauki manufarsu da gaske. Takensu shi ne hidimar gaskiya da adalci, ka san kowace makaranta tana da irin wannan a rubuce a bango, amma su har cikin darasin lissafi suke shigo da shi. Ina tuna wani malaminmu fada ne dattijo, ya kawo mana misalin akawun da maigidansa ya ce ya gyara alƙaluma a rage haraji in ba haka ba ya rasa aiki, ga shi da iyali ga haya, ya ce kowa ya faɗi abin da zai yi, aka yi ta gardama har lokaci ya ƙare bai ba mu amsa ba, sai dai ya yi ta tambayarmu wa zai cutu in asibitin ƙauye bai samu magani ba saboda kuɗin da aka ɓoye. Da na ce a addininmu wannan cin amana ne kuma an yi kashedi mai tsanani kan masu tauye mudu, sai ya tsayar da ajin ya ce in ƙara bayani, ya saurara har ƙarshe. Wallahi ranar na ji daɗi, don ban ji ina baƙuwa ba, na ji abin da Inna ta koya min a gida yana da kujera a ajin jami'a. Yau ina aiki da kuɗin mutane kuma wannan darasin yana min amfani fiye da wasu lissafan da na haddace.

Karatun kansa akwai matsi, ba wurin hutu ba ne. Ajin bai kai cunkoson manyan ɗakunan da ɗalibi ke zama a baya ba ya ko jin malami ba, don haka malami ya san fuskarka ya san sunanka, in ka yi fashi an sani, in makinka ya fara sauka za a kira ka a tambaye ka lafiya. Gwaji a kai a kai, aikin rukuni, ga istaj, wato koyon aiki a kamfani, da rahoton da za ka rubuta a kansa. Laburare ɗinsu shiru ne da littattafai na gaske. Yaron da ya saba sai dab da jarrabawa zai buɗe takarda zai sha wuya a shekarar farko, musamman in faransancinsa na rubutu bai zauna ba, kuma mu faɗi gaskiya wannan ita ce matsalar yaranmu da yawa, kai yana ja amma alƙalami yana ba su kunya.

Sai kuɗi, nan ne maganar take. A jami'o'in gwamnati kuɗin rajista sefa 50,000 ne a shekara, nan kuwa makaranta ce mai zaman kanta, abin da za ka biya ya ninka wannan sau da yawa, kuma lisans shekara 3 ce ba ɗaya ba. Ka ɗora haya, abinci, taksi da moto, fotokofi, kuɗin zuwa gida hutu. Ina roƙon iyaye da girman Allah ku zauna ku yi lissafin shekara ukun nan gaba ɗaya kafin yaro ya zauna konkur, kar a sayar da shanu a biya shekarar farko sannan a tsaya a ta biyu, na ga wanda hakan ta same shi kuma abin ya taɓa ni sosai don yaro ne mai ƙoƙari. In ƙarfin bai kai ba babu abin kunya, ga jami'ar Gaundare a Dang tun 1993, ga ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022, kusa da gida kuma mutanen kirki suna fita daga cikinsu.

Nisa ma abin dubawa ne. Daga Garwa sai ka hau mota zuwa Gaundare sannan jirgin ƙasa mai kwana a hanya zuwa Yawunde, ɗan Marwa ko Kusuri kuwa nasa ya fi haka, ba tafiyar da za ka ce bari in leƙa gida ƙarshen mako ba ce. Yawunde garin ruwa ne da tuddai da jar laka, damina biyu a shekara, wanda ya tashi a zafin Binuwai sai ya nemi rigar sanyi da lema. Abinci rogo ne da ayaba da ndole, in kewar tuwon dawa da miyar kuka ko yakuwa ta kama ka sai Birikiteri, unguwar Hausawa, can ne nama yankan musulmi, can ne tsire da kilishi da shayi, ga masallatai, ga kuma babban masallacin Tsinga ba nisa. A gidajen abinci na gefen hanya a riƙa tambaya kafin a ci, don naman alade ba abin ɓoyo ba ne a kudu. Ranakun sallah ƙarama da babba hutu ne a duk ƙasa, amma Juma'a ranar aiki ce kaman ko'ina a Kamaru, kai za ka tsara kanka ka san masallacin da ya fi kusa da kai tun satin farko.

Wajen masauki ku yi hattara da masu gidajen haya na unguwa. Ni wani mai gida ya karɓi kuɗin wata da watanni a hannuna da alƙawarin ruwan famfo, ashe rijiya ce a gangare, kuma ba takarda a tsakaninmu balle in yi magana. A fara tambayar ɗakin kwanan ɗalibai na makaranta da wuri, in bai samu ba a je da babba a ga ɗakin da ido, a buɗe famfo, a rubuta yarjejeniya. Ga 'ya mace musamman ina ba da shawara a samu wani kawu ko goggo a Birikiteri da za ta riƙa zuwa wurinsu ƙarshen mako, don abin da na ga yana karya ɗalibanmu a can kaɗaici ne da abokan banza na gari, waɗanda ko wace jami'a ka je a babban birni suna nan.

Ƙanina da ke son shiga, ka fara shiri tun kana taminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, ka nemi tsofaffin tambayoyin konkur wurin waɗanda suka riga ka, ka riƙa rubuta shafi ɗaya na faransanci kullum wani ya duba maka, takardar haihuwa da sauran takardu a buga musu hatimi tun kafin lokaci ya ƙure. Ranakun konkur da kuɗin bana kuma a tambaya a ofishin makarantar kai tsaye don suna canzawa, kar a biya ko dala a hannun wani ɗan tsakiya da ya ce zai samo wa yaro gurbi.