Yawon tsohuwar majami'ar Akropong da samarin Madina

Akwai wasu samari a Madina Zango, kusa da Accra a Ghana, da suka kafa 'yar sana'a ta kai mutane yawon buɗe ido ranar Asabar, kuma cikin tafiye-tafiyensu har da ta tsofaffin gine-ginen 'yan mishan da ke kan tsaunin Akuapem. Na bi su ni da surukina, kuma kuɗin da muka biya ya halatta, sai dai da gyara. Ni magini ne, a Nima na koyi aiki, saboda haka bango da rufi suka kai ni, da wannan idon kuma zan yi bayani.

Motar ƙaramar bas ce mai tsabta, ta fi trotro sarari, direban kuma ba ya ganganci a hawan Ayi Mensah zuwa Peduase inda hanya ke murɗewa. Sidi 250 muka biya kowane mutum, da koko da ƙosai da safe, waakye da rana. Tun a waya na tambayi jagoran batun salla, ya ce, “Baba, kada ka damu, an tsara.” Ya kuwa cika alkawari, azahar ba ta wuce mu ba.

Tarihi kam yaron ya sha shi, kuma da Hausa yake bayarwa, ba ya kame-kame. Turawan Denmak da ke riƙe da gidan Christiansborg a Osu Kiristoci mabiya Luther ne, su suka buɗe wa mishan ɗin Basel na ƙasar Siwizalan ƙofa, mutum huɗu na farko suka sauka a 1828. Zazzaɓin bakin teku ya cinye su duka cikin 'yan shekaru. Andreas Riis, wanda ya zo a 1832, shi ma ya kusa tafiya, wani mai maganin gargajiya ne ya tashe shi, daga nan ya hau tsauni ya zauna a Akropong a 1835 saboda iskar can ta fi sauƙi. Aikin bai kama ƙasa ba sai da aka kawo baƙaƙen fata Kirista daga Jamaika a 1843. Da yawa cikin Turawan Basel mutanen Württemberg ne a kudancin Jamus, 'yan ƙauye masu sana'ar hannu, mabiya Luther su ma. Ingilishi suka kore su lokacin yaƙin duniya na farko, 'yan Sikotilan suka karɓi aikin a 1918, shi ya sa yau sunan Presbyterian ne a jikin allon majami'ar.

Da muka isa, wani dattijon coci ya buɗe mana. Na gaishe shi, na gaya masa ni Musulmi ne, gini na zo gani, ya ce in shiga in duba son raina. Ginin na 1868 ne, an yi masa gyare-gyare, amma ƙashinsa na nan. Na ɗora hannu a bakin taga, kaurin bangon ya kai tsawon kamu ɗaya har da ƙari. Rana ta take a waje, ciki kuwa sanyi kamar randa. Tagogin dogaye ne, suna fuskantar juna, iska ta shiga nan ta fita can, rufin kuma ya yi sama sosai yadda zafi zai hau ya bar mutane.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne tsofaffin gidajen mishan da ke kusa, wajen da cibiyar nazarin addinin Kirista ta Akrofi-Christaller take yanzu. Benaye ne masu baranda doguwa, rufin ya zarce bango da nisa, don haka ruwan sama ba ya dukan yaɓe, rana ma ba ta kai ga ɗaki. Na durƙusa na duba gindin wani ginshiƙin katako: an ɗora shi kan dutse, bai taɓa ƙasa ba, shi ne dalilin da gara da laima ba su ci shi ba. Sama kuma, inda azara ta haɗu da ginshiƙi, an sassaƙa an cusa ɗaya cikin ɗaya aka danne da turken katako. Katakon odum ne, wanda muke kira loko, ƙusa ma da ƙyar take shigarsa. Raina ya sosu da na tuna ɗakunan bulo da muke yi wa mutane a zango, taga ɗaya ƙarama, kwano dab da kai, sannan mai gida ya kwana yana fifita idan an ɗauke wuta. 'Yan mishan ɗin nan a Osu suka buɗe makarantar koyon kafinta da gini da ƙira, Tetteh Quarshie da ya kawo irin kokon da ake yin cakulan da shi a 1879 ma a hannunsu ya koyi ƙira, kuma gonarsa tana Mampong, a kan hanyarmu.

Ga gyaran. Jagoran ya san shekaru, amma da na tambaye shi da me aka haɗa dutsen, farar ƙasa ce ko laka, sai ya tsallake zuwa labarin ɗan mishan Christaller da fassarar Baibul zuwa Twi a 1871. An kuma azalzale mu a Akropong don a samu lokacin kasuwar sassaƙa ta Aburi, inda muka ɓata fiye da sa'a guda ana cinikin ganga da tsakiya. Na ce masa, “Ɗana, nemi tsohon kafinta ɗan garin ya riƙa zagayawa da ku, ka ba shi na goro.” Ya rubuta a wayarsa, ya yi godiya.

Wanda zai je ya sa takalmi mai riƙe ƙasa, don matakalan dutsen suna da santsi da damina, ya kuma tafi da rigar sanyi mara nauyi. Mata su riƙe mayafi, ba wanda zai ce musu komai. Kafin ka biya kuɗi, ka sa su kira Akropong su tabbatar babu jana'iza a majami'ar ranar, domin Asabar ce ranar binne mamaci a wajensu, kuma idan ana yi ba za a bar baƙi su zagaya ciki ba.