Friedman ko Simon: da me ake auna ka'idar tattalin arziki?

A shekarar 1953, Milton Friedman na Jami'ar Chicago ya fitar da wata maƙala da har gobe masana ke ce-ce-ku-ce a kanta. A cewarsa, ba sai zaton da aka gina ka'ida a kai ya zama gaskiya ba, abin dubawa shi ne ko hasashenta na fitowa daidai. Ya kawo misalin gwanin wasan sinuka: bai san lissafin kusurwa ba, amma in ka ɗauka kamar ya sani, za ka iya faɗin inda ƙwallo za ta dosa. Haka ɗan kasuwa, ko bai taɓa zama ya yi dogon lissafi ba, duk wanda ya kauce wa hanyar riba kasuwa ce za ta kore shi.

Herbert Simon, wanda ya ci kyautar Nobel a 1978, shekara biyu bayan Friedman, bai yarda ba. Shi a ganinsa, sai an shiga cikin kamfani an ga yadda ake yanke shawara. Mutum ba shi da lokacin auna kowane zaɓi. Mai neman gidan haya ya duba uku, na huɗu ya yi masa, shi ke nan ya biya kuɗi.

Ni dai na fi karkata ga Simon. Hanyar Friedman tana da sauƙin aiki, shi ya sa ta samu karɓuwa. Sai dai ran da hasashe ya kuskure, kamar a rikicin kuɗi na 2008, ba ta nuna maka inda gizo ke saƙar, tunda tun farko an ce kar a leƙa cikin zaton.