9mm, .40 ko .45? Kafin ka sayi ƙaramar bindiga don kare kai a Amurka

Duk wanda ya taɓa shiga shagon bindigogi a Amurka, a Texas ne ko a Jojiya, ya san yadda hirar take kasancewa. Kana tsaye kana leƙen ƙananan bindigogi a cikin gilashi, sai wani dattijo ya matso ya ce kada ka ɓata kuɗinka a kan 9mm, ka ɗauki .45, wai ita ce mai kwantar da mutum da harbi ɗaya. Wani kuma daga gefe ya ce a'a, abin dubawa shi ne harsasai nawa bindigar take ɗauka. Lambobin nan, 9mm, .40 da .45, kaurin harsashi suke nunawa. Waɗannan muhawarori biyu sun girmi yawancin masu yin su, kuma a kansu ake sa mutane kashe kuɗin da bai kamata ba.

Da farko dai, maganar ta mazauna Amurka ce waɗanda doka ta ba su dama. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye daga dillali mai lasisi bayan an binciki tarihinsu, kuma sai mutum ya kai shekara 21 kafin dillali ya sayar masa da ƙaramar bindiga. Mai bizar karatu ko ta ziyara, galibi an haramta masa. A Najeriya kuwa zancen bai ma taso ba, domin dokar makamai ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka hana, sai da lasisin shugaban ƙasa.

Sunan da .45 ta yi yana da asali. A farkon ƙarni na 20, sojojin Amurka da ke yaƙi da Musulmin Moro a kudancin Filifin sun koka cewa harsashin .38 na libarbarsu ba ya tsayar da mayaƙin da ya taho da takobi. Daga nan aka nemi harsashi mai kauri, maƙerin bindigogi John Browning ya ƙera .45, kuma a 1911 soja suka karɓi bindigarsa mai ɗaukar harsasai bakwai. Ta yi musu aiki har 1985, lokacin da suka koma bindigar Beretta mai 9mm da harsasai 15. Tsofaffin soja da yawa ba su yafe wannan canji ba har yau.

Amma abin da ya fi tasiri a kan kasuwar yanzu ya faru ne a Miami ranar 11 ga Afrilu, 1986. Jami'ai takwas na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka tare 'yan fashin banki biyu. Tun da wuri wani harsashin 9mm ya ratsa hannun ɗaya daga cikin 'yan fashin, Michael Platt, ya shiga ƙirjinsa, ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya kai zuciya. Raunin na mutuwa ne, amma bai hana shi ci gaba da harbi ba. Ya kashe jami'ai biyu, wasu biyar suka ji rauni, kafin aka gama da shi da abokinsa. Hukumar ta ɗora laifi a kan harsashin, ta koma 10mm, sai ya zamana jami'ai da dama ba sa iya sarrafa shi saboda tsananin bugun da yake yi wa hannu. Aka rage masa albarushi, kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka gajarta shi, a 1990 aka samu .40. Cikin 'yan shekaru ya mamaye ofisoshin 'yan sanda a faɗin ƙasar.

Abin da ya fi .40 ɗin amfani shi ne ma'aunin da FBI ta fitar bayan wannan artabu. Ana harba harsashi cikin wani daskararren jeli mai kwaikwayon naman jiki, a tsirara da kuma ta cikin tufafi masu kauri, katako, ƙarfe da gilashin mota. Wanda ya nutsa inci 12 zuwa 18 ya ci jarrabawa. Ƙasa da haka yana iya tsayawa bai kai inda ake so ba, sama da haka kuma yana iya fita ya samu wanda ke baya. Dalilin ma'aunin a fili yake: ƙaramar bindiga ba ta jefar da mutum ƙasa kamar yadda ake nunawa a fim. Da tana da wannan ƙarfin, da mai harbin ma ya faɗi. Maharin yana tsayawa ne idan harsashi ya samu ƙwaƙwalwa ko laka, ko jini ya zuba har ƙarfi ya ƙare, ko kuma tsoro da zafi suka sa ya fasa da kansa. Duk waɗannan sun fi dogara da inda harsashi ya sauka da nisan da ya shiga, ba da kaurinsa ba.

Kamfanoni suka duƙufa gyara harsasansu don cin wannan jarrabawa, kuma 9mm ne ya fi cin moriyar gyaran. Shi ya sa a 2014 sashen horo na FBI ya ba da shawarar komawa 9mm, a 2016 kuma hukumar ta ba kamfanin bindigogi na Glock kwangila. Hujjarsu ita ce likitocin tiyata da ƙyar suke bambanta raunin waɗannan harsasai uku, alhali jami'ai sun fi saurin harbi da dacewa da 9mm. Hukumar da ta kori 9mm ita ce ta dawo da shi da hannunta.

To, a gaban kanta me za ka auna? Kaurin 9mm milimita tara ne, .40 kusan goma, .45 kuma kusan sha ɗaya da rabi. Harsashin .45 da aka saba yana da nauyin giram 15, kusan ninkin na 9mm mai giram takwas. Ramin da yake yi ya ɗan fi faɗi, wannan gaskiya ne. Sai dai kana biyan kuɗin wannan faɗin ta hanya uku: bugun hannu, tsadar harsashin atisaye, da raguwar adadi. Glock 17 tana ɗaukar 17 na 9mm, Glock 22 mai girma ɗaya da ita tana ɗaukar 15 na .40, Glock 21 kuma 13 na .45 duk da mariƙinta ya fi kauri, har mai ƙaramin hannu yana wahalar kai yatsa ga kunama. Ni a ganina .40 ce ta fi rasa hujja a yau, domin bugunta mai kaifi ne kuma ribarta kaɗan. Abin da take da shi kawai shi ne arahar na hannu, tun da 'yan sanda sun zubar da nasu a kasuwa.

Akwai ƙananan biyu da ba a rasa masu so. Harsashin .380 yana shiga bindiga mai ɓuya a aljihu, amma yana yawan gaza kaiwa inci 12 idan ya buɗe. Libarba mai harsasai biyar na .38 kuwa ba ta da rikici, ta dace da wanda ba ya iya jan saman fistol, sai dai kunamarta tana da tauri kuma sake cika ta yana cin lokaci.

Irin kan harsashi ya fi lambarsa muhimmanci. Mai rufaffen kai na atisaye ne, yana da araha, amma yana ratsa jiki ya wuce, kuma bangon gidajen Amurka allo ne marar ƙwari, ɗakin yara yana bayansa. Na kare kai shi ne mai rami a baki, wanda ke buɗewa idan ya shiga, irin su Federal HST da Speer Gold Dot. Ka sayi kwali biyu ko uku ka harba a filin atisaye, domin ba kowace bindiga ke haɗiye kowane harsashi lafiya ba. A New Jersey kuma akwai takunkumi a kan yawo da irin wannan harsashi.

Sai maganar gidan harsashi, wato kwanson da ake jera harsasai a ciki a cusa wa bindiga, wadda rabinta siyasa ce. Daga 1994 zuwa 2004 dokar tarayya ta hana ƙera sabon gidan da ya wuce harsasai goma don farar hula. Da wa'adinta ya ƙare, jihohi suka rabu: Kalifoniya, New York da New Jersey goma, Colorado 15, Texas da Florida babu iyaka. Masu goyon bayan iyaka suna kawo misalin Tucson a watan Janairun 2011, inda wani ya harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords da Glock mai gidan harsasai 33, ya kashe mutum shida, kuma an danne shi ne daidai lokacin da yake ƙoƙarin canja gidan. Da goma ne, in ji su, da wannan damar ta zo da wuri. Suna kuma nuna binciken da aka gabatar a kotu, wanda ya duba rahotannin kare kai da ƙungiyar NRA mai kare 'yancin mallakar bindiga ta tattara da kanta, ya gano matsakaicin harbin bai wuce biyu da ɗan abu ba. Ɗaya ɓangaren suna cewa matsakaici ba ya kare wanda mutum uku suka fasa wa ƙofa da dare, kuma idan horarrun 'yan sanda suna kuskure a yawancin harbinsu, ina ga mai gida da aka tasa daga barci. Kotunan ma sun rabu. Alƙali Roger Benitez ya soke dokar Kalifoniya ta iyakar harsasai goma a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta yankin kuma ta tabbatar da ita a watan Maris na 2025.

Kai mai saye, ba kai za ka raba wannan gardama ba. Idan jiharka ta bari, 15 na Glock 19 ba ya ƙara maka wani nauyin a zo a gani, babu dalilin ƙin sa. Idan iyakarka goma ce, kada wannan ya tura ka ga .45 don wai ka rama da kauri, sai in ka gwada ka ga kana dacewa da ita kamar 9mm. Ƙananan irin SIG P365, wadda ta fito a 2018, suna ɗaukar goma cif a jikin da bai kai tafin hannu biyu ba, ko da yake ƙaramar bindiga ta fi babba bugun hannu. Filayen atisaye da yawa suna ba da hayar bindigogi, kuɗin awa ɗaya zai nuna maka abin da hirar shago ba za ta nuna ba.

A lissafin kuɗin ka sa akwatin ƙarfe mai makulli da kuɗin koyarwa tun farko. Fiye da rabin mutuwar da bindiga ke jawowa a Amurka kisan kai ne da mutum ya yi wa kansa, kuma gidan da ke da yara ko mai fama da damuwa ba gidan ajiye bindiga a ƙarƙashin matashi ba ne. Ga masu tuƙin dogon zango kuma, gidan harsasai 15 da ka saya halal a Pennsylvania yana zama laifin da ake gurfanar da mutum a kansa da zarar motarka ta haye gada ta shiga New Jersey.