Fostar Star Trek: ta James Bama ko ta Juan Ortiz?

In bangon ɗakinka fosta ɗaya kawai zai ɗauka, wacce za ka liƙa?

Ta James Bama ce babbar yaya. Ya zana wa tashar NBC ta Amurka ita a 1966, shekarar da aka fara nuna Star Trek, shirin talabijin na tafiye-tafiyen sararin samaniya. Zane ne na fenti mai kama da hoto: ga kyaftin Kirk, ga mataimakinsa Spock da kunnuwansa masu tsini. Abin da ke ba masoya dariya shi ne jirginsu na sararin samaniya, Enterprise, wanda Bama ya sa wuta tana fita ta bayansa kamar roka, alhali a shirin babu wannan. Ni kuwa kuskuren nan ne ma ya sa nake sonta, don ya nuna lokacin ba a gama sanin jirgin ba.

Ortiz ya zo daga baya can. Ya bi shirin kashi-kashi ya yi fosta 80, har da kashin gwaji na farko, aka tattara su a littafi a 2013. Launi kaɗan yake sawa, sai inuwar mutum ko wata alama guda, cikin salon fostocin silima na shekarun 1960. Aiki ne mai tsafta, amma wanda bai kalli kashin ba sai ya yi ta kallo bai gane inda aka dosa ba.

Baƙona da bai san shirin ba, gaban ta Bama zai tsaya. Ita zan liƙa a falo, ta Ortiz kuma ta shiga uwarɗaka.