Naman da ke fitowa a farin ido: na ƙura ne ko sankara?

Hajiya, kin ce maigida, da ke sana'ar babur a Garwa, wani nama ya fito masa a farin ido ta gefen hanci, wasu na cewa ƙura ce, wasu na ambaton sankara. Cuta biyu ce masu kama da juna, har mafitarsu ɗaya: inda fari ya haɗu da baƙin ido.

Na farkon, likitoci na ce masa terijiyom. Zafin rana, iska da ƙurar hunturu ke jawo shi, shi ya sa ya yi yawa a masu babur da manoma. Shimfiɗaɗɗe ne kamar fiffike, ja-ja, yana rarrafawa a hankali shekara da shekaru, sau da yawa a ido biyu. Ba sankara ba ne. Idan bai doshi tsakiyar ido ba, tabarau da maganin ɗigawa mai sanyaya ido sun isa.

Sankarar kuwa tudu take yi. Takan yi ɓurtsi-ɓurtsi, wani lokaci da farin ɓawo kamar alli a samanta, ga jijiyoyin jini masu kauri suna shigarta. Yawanci ido ɗaya take kamawa, tana iya girma cikin 'yan watanni. Ita ma rana na da hannu, amma a Afirka tana da alaƙa sosai da cutar ƙanjamau. In likita ya nemi gwajin jini, kada maigida ya ɗauka cin fuska ne.

Aikin tiyatarsu ma ya bambanta. Terijiyom ana cire shi a lulluɓe wurin da siririyar fatar da ke kan farin idon mai shi. Sankara sai an yanko ta da kimanin milimita 4 na lafiyayyen nama a kewaye, sannan a bi da maganin ɗigawa irin 5-FU, mai kashe ƙwayoyin sankara, sau 4 a rana har mako 4. A gwajin da aka yi a Kenya, wanda aka wallafa a 2016, ta dawo wa kashi 11 cikin 100 na masu maganin cikin shekara guda, marasa shi kuwa kashi 36.

Ko ƙwararren likita, kallo kaɗai kan ruɗe shi. Saboda haka ku je sashen ido a asibiti, in an cire naman ku nace a kai shi ɗakin gwaji. Maganin ɗigawa na bakin kasuwa ku bar shi, Hajiya: ja zai kwanta, tsiron yana nan yana girma.