Kuɗin Hanya a Jamus: Tirela Na Biyan Kowace Kilomita

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske kyauta ake bin manyan titunan Jamus. Ga mai ƙaramar mota, haka ne. Mu masu aikin dakon kaya kuwa, kowace kilomita sai an biya ta.

Tun 1 ga Janairun 2005 aka fara karɓar kuɗin. Babu shinge, babu mai miƙo hannu ta taga. 'Yar na'ura ce ake maƙalawa a gaban direba, tana aiki da tauraron ɗan'adam, tana ƙirga nisan da motar ta ci, sai kamfanin Toll Collect ya aiko da lissafi. Da farko motoci masu tan 12 zuwa sama abin ya shafa, a 2015 aka sauko zuwa tan 7.5, a Yulin 2024 aka haɗa da waɗanda suka haura tan 3.5. Nauyin mota, da yawan layukan tayoyinta, da irin hayaƙin da take fitarwa, su ke yanke farashi. Da aka ƙara kuɗin hayaƙi a Disambar 2023, babbar tirela mai sabon inji ta tashi daga santi 19 na Yuro a kilomita zuwa kusan santi 35. Daga Hamburg zuwa Munich, tafiyar kusan kilomita 800, ya haura Yuro 250 ke nan, ba a zo kan dizal da albashin direba ba.

Abokan aikina suna ta ƙorafi, amma ni adalci nake gani a ciki. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa idan nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan kai kusan ninki 16. Gadar Rahmede da ke kan titin A45 ta gaji da ɗaukar nauyin da ba don shi aka gina ta ba, aka rufe ta a Disambar 2021, aka tarwatsa ta da nakiya a Mayun 2023. Mutanen Lüdenscheid, garin da gadar take, suka yi shekaru tireloli na ratsa tsakiyar garinsu dare da rana.

Abin da mutane ba sa lura da shi, jirgin ƙasa ya riga tirela fara biya. Duk jirgin da ya hau layin dogo, na kaya ko na fasinja, kuɗin kilomita yake ba DB InfraGO, kamfanin da ke kula da layin dogon Jamus, na fasinja kuma har kuɗin tsayawa a tasha. Muddin titi na kyauta, dole a riƙa ganin jirgi da tsada. Yanzu da kowa ke biya, lissafin ya fito fili: a doguwar tafiya jirgi ɗaya kan kwashe kayan tireloli da dama cikin rahusa, a gajeriya kuwa kuɗin saukewa da lodawa yana cinye ribar, tunda layin dogo ba ya zuwa ƙofar sito. Ga kuma yawan makara.

Suwizalan ta fi burge ni. Tun 2001 babbar mota ke biya a kowace hanya, har ta ƙauye, kuma kaso mai tsoka na kuɗin layin dogo yake tafiya. Da irinsa aka haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotthard mai kilomita 57 a ƙarƙashin duwatsu, aka buɗe shi a 2016. Yau yawancin kayan da ke tsallaka duwatsun Alps ta ƙasar a jirgi suke bi, alhali a mashigar Brenner ta Ostiriya tireloli ne suka fi yawa.

Saura ƙaramar mota. Jamus ta so sa mata kuɗi, Kotun Tarayyar Turai ta soke shirin a 2019 saboda yana nuna wa baƙi bambanci. Suwizalan sitikar izinin hawa manyan tituna take sayarwa, faran 40 na kuɗin ƙasar a shekara, mai fita kullum da mai fita sau ɗaya kuɗinsu ɗaya, wannan kam bai yi mini ba. Harajin mai ne ke toshe giɓin, mota mai lantarki kuma ba ta shan mai. New Zealand ta fara karɓar kuɗin kilomita daga irin waɗannan motoci a Afrilun 2024, kuma ina ganin nan ma can za a nufa. Tsoron mutane shi ne a san inda suka kwana da inda suka yini, shi ya sa dokar Jamus ta hana amfani da bayanan na'urar tirela don wani abu ban da lissafin kuɗin hanya.